Ledar Umma: Kyakkyawar Niyya Ta Isa?

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya gama duba katin, ya dubi Umma da ke kwance ana yi mata ƙarin ruwa, sannan ya juyo gare mu ya ce, "Me da me take sha?" Muka haɗa baki muka ce maganin da asibiti suka rubuta mata. Ya ce, "Ban da shi fa?" Nan muka fara kallon juna. Auta ce ta fita ta ɗauko baƙar ledar da Umma ba ta rabuwa da ita, ta zazzage a kan tebur.

Akwai metformin da glibenclamide, waɗanda aka ɗora ta a kansu shekara takwas da suka wuce, lokacin da aka gano tana da ciwon sukari. Akwai garin hulba da Yaya ya zo da shi daga Umara. Akwai robar kafson berberine da ɗayanmu ya yi oda ta intanet bayan ya ga ana ta yabonsa a TikTok. Akwai garin kirfa na Auta, da wani shayi mai hoton ganye a kwalinsa wanda ƙanwarmu da ke aure a Kaduna ke aikowa duk wata, da wata kwalba marar takarda da maƙwabciya ta kawo ranar da ta zo dubiya. Sai garin zogale, wanda Umma ke shanyawa ta daka da kanta. Duk wanda ya ga nasa sai ya sunkuyar da kai. Kowannenmu ya san abu guda da ya bayar, amma babu wanda ya san jimillar sai Umma, ita kuwa da asubar nan ko sunayenmu ba ta iya kamawa daidai. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannunta na rawa, na'urar gwaji ta gida ta nuna 48. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar sukari ce, kuma in ta yi tsanani tana kai mutum ga suma, har ga rasa rai.

Allah ya taƙaita, bayan kwana biyu aka sallame ta. Sai dai a zauren gidanmu na WhatsApp an kwana uku ana ja-in-ja. Yaya ya kafe a kan cewa babu mai laifi, tunda babu wanda ya nufi sharri, kowa lafiyar mahaifiyarsa yake nema. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ce ta hana mu barci. In kowa alheri ya yi, ta yaya alheri biyar suka taru suka kwantar da tsohuwa a sashen gaggawa?

Kafin mu yanke wa kanmu hukunci, ya kamata mu yi wa kanmu adalci. Ciwon sukari ciwo ne mai gajiyarwa. Likita mai gaskiya ba zai ce da Umma za ta warke ba, iyakarsa ya ce a lallaɓa shi a zauna lafiya: a rage tuwo, a bar lemo, a riƙa tattaki, a dawo bayan wata uku. Mai talla kuwa babu kalmar da ta fi sauƙi a bakinsa irin "warkewa", kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ga tsadar magani, wadda tun faɗuwar darajar naira a 2023 ta sa gidaje da yawa suna ƙirga ƙwaya kamar yadda ake ƙirga kwanakin albashi. Sannan mu 'ya'ya mun watse, wani Abuja, wani Legas, wata gidan miji. Ba mu nan da safe mu ga abin da ta karya da shi. Abin da ya rage mana shi ne mu aika wani abu, mu ji a ranmu cewa mun yi. Kada kuma wani ya ɗora abin a kan rashin boko. Mu da muka cika ledar nan duk mun shiga jami'a mun fito.

Jimla ɗaya ce ta ba mu ƙarfin hali, kuma duk mun taɓa furta ta: "Ai ganye ne, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba." Da muka zauna muka juya ta sai muka ga ba ta da ƙafar tsayawa. Abu biyu ne. Ko dai hulba da kafson suna sauke sukari da gaske, ko ba sa saukewa. In suna saukewa, to magani ne, kuma duk abin da ke iya sauke sukari yana iya zarce gona da iri, musamman a jikin dattijuwa mai shan glibenclamide, ƙwayar da ke matsa wa jiki ya saki insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. In kuwa ba sa saukewa, to kuɗin da ya kamata ya sayi tsinken gwaji da maganin wata ne ya tafi a banza. Mun so mu riƙe biyun tare: mu yarda abin yana da ƙarfin da zai yi aiki, mu kuma yarda ba shi da ƙarfin da zai yi ɓarna.

Wani zai ce to ga 'yan boko nan za su fara raina ganye. Tarihin farar ƙwayar da ke cikin ledar Umma ya isa amsa. Asalin metformin wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis, wanda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna amfani da shi. Tsiron yana da sinadarin da ke sauke sukari, yana kuma da dafin da ke kashe tumaki in sun ci da yawa. An haɗa metformin a ɗakin bincike a 1922, aka yi watsi da shi shekaru, sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon sukari ya buga sakamakon. Ko bayan haka sai da aka yi wani dogon bincike a Birtaniya, wanda ya bibiyi sama da mutum 5,000 cikin shekara ashirin, aka fitar da sakamakonsa a 1998, kafin ƙwayar ta samu matsayin da take da shi yau. Ɗan'uwansa phenformin, mai asali iri ɗaya, an janye shi daga kasuwar Amurka a 1977 saboda yana halaka wasu masu shan sa. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da muke saya a kemis yau: daga wani ganyen Sin Tu Youyou ta ciro sinadarinsa, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Ashe rigimar gargajiya da asibiti da muke ta yi a zaure ɓata baki ce. Ganyen da aka auna, aka san nawa ne ke aiki, nawa ne ke kisa, wa ya kamata ya guje shi, shi muke kira magani. Wanda ba a gama aunawa ba kuwa yana nan a matsayin tambaya, mu kuma mun ɗauki tambaya biyar mun ba mahaifiyarmu ta haɗiye.

Abin da aka auna zuwa yanzu bai kai girman tallar ba. An yi gwaje-gwaje a kan kirfa, wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba, kuma irin kirfar da ta fi yawa a kasuwa tana da sinadarin coumarin mai wahalar da hanta in an dage da sha da yawa. Hulba na rage saurin shigar sukari jini bayan cin abinci, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana sauke shi. Berberine ya fi su alamar ƙarfi, shi ya sa ma ya fi su bukatar taka-tsantsan, domin yana taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna. Zogale abinci ne mai kyau, amma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan sukari a jikin ɓeraye aka yi. Ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka, wadda ke sabunta ƙa'idojinta duk shekara, matsayinta shi ne babu gamsasshiyar hujja cewa irin waɗannan kayan ƙari na amfanar mai ciwon da ba shi da ƙarancin wani sinadari a jikinsa. Abin dariya, in ana dariya a irin wannan wuri, akwai ƙari guda da mai shan metformin shekara da shekaru kan bukata da gaske, wato bitamin B12, domin ƙwayar na rage shi a jiki. Shi ne kaɗai babu a ledar. Ba shi da bidiyo.

Mun kuma jingina da lamba. Ƙanwarmu ta ce ai shayin nata yana da lambar NAFDAC. Yana da ita, kuma a ƙarshen lambar akwai harafin L. Wannan harafi na nufin hukumar ta duba kayan ta ga ba su da guba a yadda aka ce a sha su, amma ba ta tabbatar suna maganin abin da aka ce suna yi ba. Shi ya sa ake tilasta wa masu irin kayan su rubuta a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba, rubutun da aka saba yi da ƙananan baƙaƙe a inda ido ba ya zuwa. Na "waje" ma da muke ganin sun fi tsarki haka suke. Dokar Amurka ta 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da kayan ƙarin abinci ba tare da sun fara nuna wa hukumar FDA cewa suna aiki ba. A 2013 hukumar ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi kan kayan ciwon sukari na bogi, ta kuma bayyana cewa ta samu magungunan asibiti a ɓoye cikin wasu kayan da aka rubuta musu "ganye zalla". Irin wannan kam dole ya "yi aiki". Mai shan sa tare da ƙwayar likita ya ninka maganinsa ne bai sani ba. Wannan duk a kan masu kwali da lamba ke nan. Kwalbar maƙwabciya ko takarda ba ta da ita.

A nan ne abin ya fi ci mana rai, don mai wannan rubutu sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma mu masu wannan sana'a muna da ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo tun makon farko. In manhaja ta samu tangarɗa, abu ɗaya za ka canza, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta rushe bai san me ya rushe ta ba. Mukan raba masu shiga shafi gida biyu, rabi su ga koren maɓalli, rabi su ga ja, mu jira dubban mutane su wuce kafin mu yarda ɗaya ya fi ɗaya. Wannan duk a kan launin maɓalli ne. Da aka zo kan jinin mahaifiyarmu, bidiyon daƙiƙa arba'in ya ishe mu hujja.

Mun kuma fi kowa sanin yadda bidiyon ya iso wayarmu. Manhajojin sada zumunta abin da ke tsayar da ido suke turowa gaba, ba su da ma'aunin gaskiya. Matar da ke hawaye tana cewa "na sha na warke" tana tsayar da ido. Wanda ya sha wata shida bai ga komai ba ba ya ɗaukar bidiyo, wanda ƙodarsa ta lalace kuma ba shi da ƙarfin ɗauka. Mai shaidar ma ba lallai ƙarya take yi ba. Sukari na hawa da sauka kullum gwargwadon abinci da barci da damuwa, kuma wanda ya sayi shayi mai tsada yakan bar lemon kwalba a makon, ya rage malmala, sai shayin ya kwashe yabon. Da yawanmu mun taɓa gina wa wani ɗan kasuwa shafin sayar da irin waɗannan kaya, muka ɗora shaidun a sama don mun san su ke jawo ciniki, muka karɓi kuɗinmu muka ce mu dai fasaha muka sayar. A sashen gaggawa, gaban baƙar leda, wannan uzuri bai yi mana daɗin ji ba.

Duk da haka, abin da ya juya mana tunani daga bakin Umma ya fito. Bayan ta dawo gida muka zauna gabanta muna tambaya a hankali. Ashe ta fi wata biyu da ajiye metformin, don yana murɗa mata ciki. Ta ce, "Ai ku kuka ce min kafson nan aikinsu ɗaya." Ƙaramar ƙwayar kuwa, glibenclamide, ta ci gaba da sha tunda ba ta da wuyar haɗiya, kuma daren da abin ya faru ba ta ci abin kirki ba. Auta ta ce, "To Umma me ya hana ki gaya wa likita?" Ta ce faɗa zai yi mata. Yaya ya ce, "Ai da sai ki bar namu, Umma." Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "Ɗana ya ɗauko abu tun daga Makka ya kawo min, in ajiye? Ku kuna can kuna aikowa, ni ce nan nake haɗiya."

Kara ce. Ba mu taɓa sa ta a lissafi ba. In ka kai wa uwa atamfa ba ta so, sai ta yi godiya ta sa a akwati, babu wanda ya cutu. In ka kai mata abin sha ka ce don lafiyarta, kuma duk waya sai ka tambaya "Umma kina sha kuwa?", ka rufe mata ƙofar ƙi. Za ta sha don kada ka ji ba daɗi, ta sha na ƙanwarka don kada a ce ta fifita wani, ta sha na maƙwabciya don zaman tare. Mun ɗauka zaɓi muke ba ta, ashe nauyi muke ɗora mata, ladan kyauta namu, haɗarin nata. Ta kuma ɓoye wa likita saboda mu, ta ɓoye mana saboda likita, har ya zama mutum ɗaya tilo da ke riƙe da cikakken bayani ita ce wadda aka fi hana magana.

Don haka ba mu yarda da Yaya ba, ko da yake mun fahimce shi. Niyya tana da muhimmanci, ita ce ta raba mu da mai zuba ƙwayar asibiti a garin ganye ya sayar. Amma wanda ya ce yana nufin lafiyar wani, sannan bai ɗauki wahalar tambayar me yake sha ba, bai tambayi likita ko mai haɗa magani ba, bai waiwayo ya ga abin da kyautarsa ta haifar ba, akwai alamar tambaya a kan me ya nufa tun farko. Mu dai da muka binciki zuciyarmu mun tarar rabin abin da muka nufa lafiyar Umma ce, rabin kuwa sauƙin ranmu ne, mu kwanta da jin cewa mun yi wani abu. Tambaya tana da wahala, tana cin lokaci, tana iya jawo amsar da ba ma so. Oda ta intanet kuwa minti biyu ce. Kuma mu ciwon Umma irin na manya ne, mai ba da lokaci. Gidan da ke da yaro mai nau'in farko, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, in aka ce ya ajiye allura ya gwada ganye, kwanaki kaɗan ke tsakaninsa da halaka. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto a 1922, irin waɗannan yara ba sa daɗewa, duk da ganyayen da duniya ke da su a lokacin.

Sai dai akwai kuskure na biyu da muka kusa faɗawa. Ɗayanmu ya ce a ƙone ledar kowa ya huta. Umma ta riƙe garin zogalenta ta ce wannan kam babu mai taɓa mata, tun tana yarinya take cin kwaɗonsa. Ta fi mu gaskiya. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wadda ta raine mu duka, ba za ta koma yarinyar da ake ƙwace wa abu a hannu ba don kawai mun tsorata. Jikinta ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: murɗawar cikin da ta yi ƙorafi a kai gaskiya ce, sananniyar illar metformin ce, kuma akwai hanyoyin rage ta da likita zai iya bi in an gaya masa. Mai ciwon da ba ya warkewa yana bukatar wani abu da yake yi wa kansa da hannunsa, ba kullum a yi masa ba. Da mun ƙone ledar, wata za ta sake cika, a ƙarƙashin katifa wannan karon.

Abin da muka yi bai da wani armashi. Muka kwashi kayan gaba ɗaya muka koma da su asibiti ranar da aka ba ta. Likitan, wanda layin da ke jiransa ya kai bakin ƙofa, ya ware kwalbar da kafson da shayin gefe guda, ya ce zogale a ci shi a matsayin abinci, hulba da kirfa a dakata tukuna. Ya canza mata ƙaramar ƙwayar, ya mayar da ita kan metformin kaɗan-kaɗan tare da abinci, ya rubuta gwajin ƙoda da na B12, da na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ba na safiya ɗaya ba. Muka sayi littafi mai bango ja. Umma da kanta take rubuta awon safe da abin da ta ci. Muka yi alkawari a zaure cewa duk mai son aika wani abu sai ya fara faɗa a gaban kowa, a kai wa likita, in ya amince a gwada shi shi kaɗai. Kuɗin shayin Kaduna ya koma na tsinken gwaji. Har yanzu ƙanwarmu na jin kamar an ce ita ce mai laifi, ko da yake babu wanda ya faɗa.

Shekaranjiya da daddare Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta turo bidiyo zauren, ta biyo shi da saƙon murya. Wani jiƙo ne na kuɓewa da wasu saiwoyi, wai kwana ashirin da ɗaya an rabu da sukari har abada. Ta ce ta riga ta sa an haɗa, ranar Juma'a za ta kawo wa Umma da kanta. Mu shida mun saurara, alamar ta nuna. Yaya ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge. Yau Laraba.